Ƙwaryar Marainiya

Suwaiba ce ta sa na ɗauki alƙalami a kan wannan babi, ko da yake ba ta sani ba. Ta kira ni a waya, ta ce wata daga dangin mijinta ta nuna ta a wurin suna, a gaban mata, ta ce ga ɗiyar matar nan da ta hana marainiya abinci har ƙasusuwan wuyanta suka fito. Na ce mata ta share hawayenta, maganar tsohuwa ce. Amma da na ajiye wayar sai na ga shirun da na yi ya isa haka. Kuna ƙanana aka yi abin, kun tashi kuna jin gutsattsarinsa a bakin mutane. Yau ku ji shi daga bakina, daga farko har ƙarshe, yadda ya faru a shekarar da aka kawo mana wutar lantarki.

Kun sani ni ba 'yar garinku ba ce. Daga wani ƙauye kusa da Hasahisa, a yankin Jazira, aka kawo ni gidan babanku, nan bakin kogi tsakanin Suki da Sinja. Cikin kayana akwai wata akwatin ƙarfe da mata suka yi zaton turare da atamfa ne a ciki. Littattafai ne. Wata Bakanuwa da ta yada zango a gidanmu kan hanyarta ta zuwa Makka ita ta koya mini boko, ta bar mini 'yan littattafan soyayya irin na kasuwa, daga nan na kamu. Duk direban da zai yi yamma sai na yi masa saƙo. Ina amarya na ƙona tuwo sau biyu saboda wata jaruma da aka raba da masoyinta, kuma Habboba, kakarku uwar babanku, ba ta taɓa mantawa da ƙaurin tuwon nan ba. Ƙari a kan haka, ni siririya ce, ku ma kuka ɗauko ni. A garin nan kuwa rama tuhuma ce. Yaro in ya rame ba shi ake kallo ba, uwar da ke riƙe da tukunya ake kallo.

Rakiya, matar Baffanku Idrisa, ita kaɗai ce ba ta taɓa yi mini dariyar littafi ba. Takan zo da rana ta zauna a bakin tabarmata tana tsinkar ganyen miya, ni ina karanta mata, in an zo wurin rabuwa mu yi kuka tare. Mace ce mai jiki, fara, mai dariya kamar ana kaɗa ƙaramar ƙararrawa. Ciwon sukari ya shiga jikinta ba wanda ya lura. Ƙaya ta soke ta a ƙafa, gyambon ya ƙi warkewa, aka kai ta asibitin birnin Madani aka yanke ƙafar, ba ta daɗe ba ta cika. Kafin ta rasu ta faɗa a gaban mijinta da yayarta Amna cewa ni za a ba riƙon ɗiyarta Batula. Wannan wasiyya ta yi wa mutum biyu ciwo: Habboba, da take ganin jika tata ce, da Amna, da take ganin ɗiyar ƙanwa tata ce. Idrisa kuwa bai iya zaman gidan ba, ya yi arewa wurin haƙar zinariya, sai dai waya jefi-jefi.

Akwai wata al'ada a garin da ban tarar da irinta a Jazira ba. In uwa ta mutu ta bar yaro, kowane gida na dangi zai riƙa ware masa ɗan abinci, ana kiransa ƙwaryar maraya. Yaron zai bi gidajen ya ci, har ranar sadakar arba'in, sannan a bar shi ga mai riƙonsa. Tsofaffi sun ce a zamanin yunwa aka fara, lokacin da lomar gida huɗu ce ke haɗuwa ta zama cikin yaro ɗaya. An yi wa Batula haka, aka yi sadaka, na ɗauka an gama. Ta zauna a ɗakina, 'yar shiru-shiru mai manyan idanu, tana yi mini wanke-wanke tana goya Suwaiba, tana kirana Inna kamar yadda kuke kirana. Sunan Rakiya kuwa na kulle shi a bakina. Na ɗauka in na ambace ta zan fama wa yarinyar ciwo.

Sai shekarar wuta ta zo, Batula tana wajen sha biyar. Cikin 'yan watanni garin ya zama wani gari. Aka ja famfo, 'yan mata suka daina zuwa kogi da tulu. Raksha ta shigo, mai ƙafa uku, tana kai yara makaranta tana dawo da su, har hawasha, wato gonarmu ta cikin aikin ban-ruwa, sai mai raksha ya kai mutum. Aka buɗe gidan burodi. Kowane kanti ya sa talaja, wato firji, cike da lemon kwalba mai sanyi. Da la'asar yara ba sa tsakar gida, suna gaban talabijin. Ba na zagin ko ɗaya daga abubuwan nan, ni ma na ji daɗin ruwan sanyi. Na faɗa ne don ku gane irin shekarar.

A wannan shekara jikin Batula ya fara buɗewa. Da fari na ce girma ne. Amma rigunan da na ɗinka mata da ƙaramar salla ba su shige ta ba da babbar salla. Wuyanta ya cika, hannuwanta suka yi dam, awarwaron uwarta da take sawa ya nutse cikin nama har sai da muka sa sabulu muka zare shi. Abin da ya hana ni sukuni shi ne, a gidana ba ta cin komai. In na zuba mata kisra, wato siririyar gurasar dawa, da miyar kuɓewa sai ta gutsiri kaɗan ta ture wa ƙannenta, ta ce ta ƙoshi. Yarinyar da ba ta ci, tana ƙiba. Na dinga juya wannan a raina kamar ƙulli a bakin zani.

Zargina na farko ya faɗa kan mai lalle. Akwai wata mata da ke zuwa daga Suki ranar kasuwa tana yi wa amare ƙunshi, kuma kowa ya san a ƙasan jakarta tana da ƙwayoyin ƙiba da 'yan mata ke saye a ɓoye. Batula tana makaranta na kwance katifarta, na zazzage akwatinta, har cikin takalmanta na leƙa. Ban sami komai ba sai wani tsohon ɗankwalin Rakiya a naɗe, yana ƙamshin sandal. Zargi na biyu ba zan faɗe shi da suna ba, ku manya ne kun gane. Na sa ido a kan wankinta har wata ya zagayo, na ga abin da ya kwantar mini da hankali, na yi sujada na nemi gafarar Allah a kan zaton da na yi.

Sai zargi na uku, wanda na fi daɗewa a kansa, kuma in gaskiya za a bi, wanda na fi so ya zama shi ne. Yarinya ba ta cin abinci a gida. Tana dawowa makaranta a makare. Mayafinta yana ƙamshin halawar riɗi da man gyaɗa. Takan zauna ta zuba wa bango ido, idanunta cike da wani abu da ba ta faɗa. Ni da na karanta littafi ya fi ɗari, me zan kira wannan in ba so ba? Akwai wani saurayi mai kanti a kan hanyar makaranta, dogo, mai kunya, wanda talajarsa ta fi ta kowa girma. Na gama tsara komai a kaina: yana miƙa mata lemo da biskit ta ƙarƙashin kanta, ita kuma tana karɓa kanta a sunkuye. Nakan je kantin sayen ashana da ba na buƙata, in tsaya ina nazarin fuskarsa. Har launin tufafin da za ta sa ranar ɗaurin aure na zaɓa, ruwan hoda mai ratsin azurfa. Na faɗa wa babanku, ya kalle ni ya ce in dai littattafan nan ba su haukata ni ba bana, to ba za su haukata ni ba har abada.

Gari kuwa murna yake. Mata su tare ta a hanya su mintsini kumatunta su ce ta zama amarya tun ba a kawo kuɗi ba. Habboba in ta shigo gidanmu sai ta dubi Batula, ta dubi ku da siraran ƙafafunku, ta dube ni, ta ce:

“Alhamdu lillahi, ɗiyar Rakiya dai ba ta lalace ba. Allah na da hanyoyinai.”

Na ji ƙaya a cikin maganar, amma ban gane inda ta dosa ba.

Sai abubuwan da ba su yi kama da so ba suka fara bayyana. Bayan wuyanta ya yi baƙi kamar an shafa gawayi. Na zaci dauɗa ce, na dirje shi da soso da lemon tsami har ta yi kuka, bai fita ba. Ta riƙa shan ruwa kamar raƙumi. Malamarsu ta aiko cewa tana barci a aji. Ranar da muka je tsinkar auduga, raksha ta lalace a hanya muka ƙarasa da ƙafa. Tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba, Batula ta zauna a bakin magudanar ruwa tana haki, leɓɓanta sun bushe, ta ce mini tana ganin duhu-duhu. Na dubi ƙafafunta a cikin silifa, farare, kumburarru, sai na ga ƙafar Rakiya. Washegari na kai ta asibiti a Sinja.

Likitar mace ce, mai gilashi. Ta auna ta, ta ɗebi jini, ta duba wuyan nan. Ta ce baƙin ba dauɗa ba ne, alama ce jiki ya fara gajiya da sukari. Ciwon bai zauna ba tukuna, amma yana bakin ƙofa, kuma tunda shi ya kashe uwarta, ya san hanyar gidan. Ta ce a rage zaƙi da mai da burodi, a daina lemo, yarinya ta yi tafiya da ƙafa kullum har ta yi gumi. Sannan ta tambaye ni me Batula ke ci a yini. Na ce kusan ba komai. Ta sauke gilashinta ta yi mini wani irin kallo, irin wanda ake yi wa mai ƙarya, ta ce jiki ba ya ginuwa da iska. Batula tana zaune kanta a ƙasa. A mota muna dawowa na tambaye ta a hankali ko akwai wani da ke ba ta abu. Ta ce babu. Na ce ko da mai kanti ne, ni ba zan yi faɗa ba. Ta ɗago ta dube ni da mamaki na gaske, har na ji kunya.

Ranar Lahadi, wadda a garinmu ita ce farkon makon makaranta, na ari mayafin maƙwabciya, baƙi, na lulluɓe har hanci, na tsaya a inuwar dalbejiya kusa da inda raksha ke sauke su da azahar. Zuciyata tana bugawa kamar ni ce jarumar labarin. Ta sauko, ta nufi layin kantin. Ta zo daidai ƙofarsa, saurayin yana tsaye yana goge talaja. Ta wuce, ko kallon wajen ba ta yi ba, shi ma bai ɗago ba. Soyayyar da na shekara ina ginawa ta rushe a nan kan titi ba tare da ko ƙura ta tashi ba.

Ta karya kwana ta shiga gidan Habboba ta ƙofar baya, ta wajen garken awaki. Na lallaɓa na tsaya jikin danga. Ta tsakanin karan na hango ƙwarya cike da kunun hulba mai kauri, man shanu yana yawo a kai, ga faranti na zalabiya, fanken nan soyayye, an barbaɗe da sukari. Na ji muryar Habboba a tausashe, irin muryar da ban taɓa jin ta yi wa kowa ba.

“Ci, ɗiyata, ci. Mun san abin da ka akwai gidan can. Wadda ta kasa cika cikin nata ɗiya, ina za ta cika na wani? Cinye duka. Uwarki ma haka taka son shi, da mai da yawa. Ranar da anka kawo ta gidan ga...”

Ta shiga ba ta labarin ranar auren Rakiya, Batula tana ci tana saurare, idanunta ba sa ƙiftawa. Da ta fito sai ta shiga gidan Amna. Can burodi ne da wake da man riɗi, da lemon kwalba, da labarin yadda Rakiya ta taɓa faɗawa kogi tana yarinya. Daga nan gidan wata gwaggon babanta, shayi da madara da cokali huɗu na sukari. Daga nan gidan matar liman. Gida huɗu na ƙirga, kowanne yana zaton shi kaɗai ne ke ceton marainiya daga hannuna. Ƙwaryar da ya kamata a kife tun ranar arba'in, shekara huɗu ba a kife ta ba. Da can loma-loma ce ta dawa, yarinya tana ƙone ta a hanyar kogi. Da wuta ta zo, kowace ƙwarya ta zama liyafa, kogin kuma ya zo har tsakar gida a cikin famfo.

Na riga ta komawa gida. Da ta shigo na aike ku waje, na zaunar da ita a bakin gado, na faɗa mata duk abin da na gani. Ba ta musa ba. Ta yi ta murza bakin mayafinta, can ta ce:

“Inna, in na ce na ƙoshi, sai su ce ke kika tsorata ni. In na cinye, sai su bar zancenki.”

Na ce to me ya hana ta daina zuwa gaba ɗaya. Hawaye suka gangaro a kan kumatun nan da gari ke yabo.

“Can ne kaɗai ake faɗin sunanta. Sai ina ci suke ba ni labarinta. In ƙwarya ta ƙare, labari ya ƙare.”

Na rungume ta. A duk littattafan da na karanta ban taɓa cin karo da maganar da ta tsaga mini zuciya kamar wannan ba.

Da babanku ya dawo daga hawasha na faɗa masa zan bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya in roƙe su su daina. Ya ajiye fartanyarsa ya zauna. Ya ce in yi tunani da kyau. Muddin Batula tana da jiki, ko me suke faɗa a bayan danga, a fili ba mai iya cewa na cuce ta. Ranar da ta fara ramewa kuwa, zargin da suke yi a ɓoye zai sami shaida a jikinta, kuma ba likitar Sinja ba, ko likitocin duniya aka tara ba za su wanke ni ba. Ya ce sunana ne a hannu ɗaya, ƙafar yarinyar a ɗaya hannun, kuma shi ba zai zaɓar mini ba. Na san gaskiya ya faɗa. Na tuna Rakiya a kan gadon Madani, zani a shimfiɗe a inda ƙafa ya kamata ta kasance, tana riƙe da hannuna. Ba ta ba ni Batula don a yabe ni ba.

Da Habboba na fara. Na durƙusa har ƙasa, na gaishe ta, na faɗa mata abin da likita ta ce, ban ɗaga murya ba. Tana jan carbi har na gama.

“Wato laɓe kika yi mini a danga.”

Na ce na yi, ta gafarce ni.

“Ke da kin zo da akwatin takardu, yau ke za ki koya mini ciyar da jikata? Sukari ya kashe Rakiya? Kwana nata ya ƙare. In Idrisa ya dawo ya iske ɗiyatai kamar kara, mi za ni ce mai? In ce matar ɗan'uwanka ta ce likita ta ce?”

Na ce, “Habboba, gara ya same ta siririya da ƙafa biyu.”

Ta ajiye carbin. Ta ce tun ranar da Rakiya ta tsallake ta ta ba ni yarinyar ta san da wata a ƙasa, yau ga ta ta fito. Ta ce in tashi in bar mata gida. A wurin Amna ma haka, sai dai ita kuka ta sa, ta ce ƙwaryar nan ita ce abu ɗaya da ya rage take yi wa ƙanwarta, shi ma zan ƙwace. Na gane ciwonta, wallahi na gane. Amma ban janye ba. Matar liman kaɗai ta ce za ta mayar da nata shayin ba sukari.

Tunda ba su yarda ba, sai na rufe hanyar da kaina. Na sallami mai raksha. Da safe in raka ta makaranta da ƙafa, da azahar in je in taho da ita ta bayan gari, inda ba za mu bi ta ƙofar kowa ba. Da la'asar mu tafi hawasha mu yi ciyawa. Na kawar da gwangwanin sukari daga gidan, har ku sai da kuka yi mini bore, a cikinku Mustafa ya yi kwana biyu ba ya gaishe ni. Muka koma kisra da ganye da kifin kogi da gyaɗa. Batula ta sha wuya. Cinyoyinta suka saɓule da tafiya, ta yi kuka, wata rana ta ce mini ta tsane ni, da yamma kuma ta zo ta kwantar da kanta a cinyata. Kafin a gama girbin dawa numfashinta ya daidaita, baƙin wuyan ya fara dushewa, awarwaron uwarta ya koma hannunta.

Duk abin da babanku ya hango kuwa ya faru. Mata suna ganinmu a hanyar gona, ita da dami a ka, sai su tafa hannu. Aka ce na mayar da ita baiwa. Aka ce kuɗin raksha nake ci. Aka ce wai a littattafan nan na karanto wani asiri da ake tsotse jikin maraya a ƙara wa 'ya'yan gida. In na kai abinci gidan biki sai a ture kwanona gefe. Habboba ba ta ƙara cin abin da hannuna ya dafa ba har ta bar duniya. Na yi jinyarta a ciwon ajali, ina juya ta ina wanke ta, amma in na kawo kunu sai ta kau da kai, sai an ce Amna ce ta dama. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Daga ƙarshe dangi suka sami Idrisa a waya. Ban san abin da suka faɗa masa ba. Ya kira babanku ya ce a mayar da ɗiyarsa gidan Amna, ba ya son jin komai. Uba ne, maganarsa ce a sama. Na haɗa mata kayanta da hannuna, na sa ɗankwalin Rakiya a saman akwati. Amna ta zo da yamma da raksha ta ɗauke ta, ko zama ba ta yi ba. Na tsaya a ƙofar gida har ƙarar ta ɓace. Na ce a raina shi ke nan, na rasa sunan, na rasa yarinyar, ƙafar ma za ta bi.

Da safe, rana ba ta gama fitowa ba, ina shara, na ji an taɓa ƙyaure. Batula ce, idanunta a kumbure, 'yar fartanyarta a kafaɗa. Na ce mata babanta ya hana, kar ta ja mini wata maganar. Ta ce:

“Cewa ya yi in kwana can. Bai ce kar in yi tafiya ba. Inna, ɗauko mayafinki, rana na yi.”

Muka kama hanyar hawasha, ta gaban ƙofar kowa wannan karon. Kogi yana hayaƙi a hagunmu, tsuntsaye suna tashi daga cikin dawa. Da muka yi nisa sai na ji bakina ya buɗe da kansa, na ce mata ranar da na fara ganin uwarta tana saye da shuɗin zani, ta leƙo ɗakina ta ce, amarya, wai ke ce mai ƙona tuwo? Karanta mini abin da ya fi tuwo daɗi in ji. Batula ta tsaya cak a tsakiyar hanya. Sannan ta yi dariya, dariyar Rakiya sak, ƙaramar ƙararrawar nan. Ta ce in ci gaba. Na ce sai dai in muna tafiya. Daga ranar kullum da labari ɗaya, kuma ba na fara shi sai mun wuce gidan ƙarshe. Ƙwaryoyin ba su daina jiranta ba, amma ta koyi ɗanɗanawa ta ajiye, don yanzu tana da inda za ta ji sunan uwarta ba sai da cokali a hannu ba.

Sunana bai wanku ba, kun ji da kunnenku. Amna tana nan da ranta, har gobe tana cewa ni na lalata wa yarinyar jikin da da ya kai ta gidan attajiri. Ban ce ku yi faɗa da kowa a kaina ba, kuma kar wanda ya je ya tsare Batula ya ce ta yi mini shaida, ta sha isasshen zama a tsakanin mutane. Abu ɗaya nake so ku riƙe. Lokacin da yaƙin nan ya iso mu, muka bar gari ba mota ba raksha, ku kuna nesa ba ku gani ba. Gwiwoyina suka ƙi a rana ta biyu, na zauna a gindin wata ƙaya na ce su wuce su bar ni. Batula, da goyon ɗanta a gaba, ta durƙusa ta juya mini baya ta ce in hau. Ina bisa bayanta ina kallon ƙafafunta suna shiga yashi suna fita, duka biyun, har muka hango fitilun wani gari. A hanya ta ce mini:

“Inna, kin yi shiru. Ai tafiya muke. Ba ni labarinta.”